Kiɗan Da Na Tsara Wa Hannun Hagu

Ranar wata Asabar ce cikin dogon hutu, wajen ƙarfe tara na safe. Umma ta surfa wake ta wanke, ta zuba a roba tare da attaruhu da albasa, sai ta ɗaga murya daga madafi ta ce, "Yaya, zo ka kai mini markaɗen nan kafin layi ya yi tsawo." A gidanmu kowa Yaya yake ce mini, har Umma, saboda alkunyar ɗan fari. Na amsa daga ɗaki na ce to. Amma ban tashi ba, domin fiyano na kan cinyata, ina tsakiyar kwaikwayon wani kiɗa da na ji a rediyo, kuma saura kaɗan in kama shi.

Autarmu tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona kamar yadda ta saba. Shekararta takwas a lokacin, tana aji uku na firamare. Tun ranar da kawuna ya ba ni fiyanon take roƙona in bar ta ta taɓa, ni kuwa kullum sai in ce za ta ɓata mini. Na dube ta na ce, "Auta, karɓi markaɗen nan ki kai. In kin dawo zan bar ki ki danna." Kafin in rufe baki ta zari hijabinta ta fita da gudu.

Ba a yi minti ashirin ba wani yaron maƙwabta ya faɗo gidan ba ko sallama, yana haki yana cewa inji ya kama Auta. Ban san lokacin da na fita ba, sai daga baya na lura ko takalmi babu a ƙafata. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin markaɗe ya san belin nan da ke juya injin, wanda a wurare da yawa yake gudu a fili babu murfi. Auta ta sunkuya za ta gyara robar da ƙullu ke zuba, sai belin ya ja gefen hijabinta. Ta kai hannun dama za ta fizge, ya haɗa da hannun. Kafin mai injin ya kashe, aikin gama ya gama.

Na tarar mutane sun yi mata rumfa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a zuba baƙin mai, wata ta ce a kawo toka, wani ma gishiri ya ce a barbaɗa. Allah Ya taimake mu da wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, ta ture kowa ta ce kada a kuskura a zuba komai. Ta karɓi zane mai tsabta ta danne wurin da ƙarfi, ta ɗaga hannun sama da ƙirjin yarinyar, ta ce in riƙe haka kada in saki, kada kuma in riƙa buɗewa ina dubawa. Haka na riƙe har A Daidaita Sahu ya kai mu asibiti. Daga baya likita ya ce dannewar nan ce ta rage zubar jini, kuma da an zuba toka ko baƙin mai da ƙwayoyin cuta sun sami hanyar shiga ciwon. Ƙannena, ku riƙe wannan ko da shi kaɗai za ku ɗauka daga rubutun nan.

Sau biyu aka shiga da ita ɗakin tiyata. Yatsu uku na hannun dama, manuni da na tsakiya da mai bi masa, sun dagargaje yadda likitoci suka ce babu abin da za a iya cetowa. Babban yatsa da ƙarami kaɗai suka tsira. Da ta farfaɗo bayan tiyatar farko, ta buɗe ido ta gan ni a kanta, abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, na zubar da markaɗen." Na fita baranda na zauna a ƙasa, na daɗe ban iya komawa ciki ba.

Kwana ashirin da uku ta yi a kwance. Umma ce ke kwana da ita, ni kuma aikina kai abinci da ruwan zafi a filas safe da yamma, da zuwa sayen magani. 'Yan'uwa da maƙwabta suna ta zuwa dubiya, kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu Auta, Allah Ya sawwaƙe, ƙaddara ce." Na yarda da ƙaddara, da ita aka rene ni. Sai dai na san ta hannun wa ta biyo. Ni aka aika, ni na tura ta, har da cin hancin da na san ba za ta iya ƙi ba. Umma ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Baba ma bai ce mini komai ba. Da sun yi mini faɗa ko sun zage ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Wata rana da yamma Auta ta miƙo mini hannun da ke naɗe da bandeji ta ce in sosa mata manuninta, yana mata ƙaiƙayi. Na tsaya ina kallonta. Ma'aikaciyar da ke duba ta ta ja ni gefe ta ce wannan ba sambatu ba ne, yakan faru ga mutane da yawa da suka rasa wata gaɓa. Ƙwaƙwalwa ba ta gama sanin cewa yatsan ya tafi ba, don haka mutum yakan ci gaba da jin ƙaiƙayi ko zafi a inda babu komai. Na dawo na shafa mata saman bandejin a hankali, ta ce, "Yauwa, nan ne."

Fiyanon kuwa tun ranar da abin ya faru na tura shi ƙarƙashin gado na rufe da tsohuwar darduma. Ko ganinsa ba na son yi. Barci ma ya ƙaurace mini. Da na rufe ido sai in ji ƙarar injin, ko da kuwa unguwar ta yi tsit. Na daina zuwa majalisar abokaina, abinci sai in tsakura in ture. Na yi salla na yi addu'a, kuma ita ce ta riƙe ni a kwanakin nan. Amma bayan na shafa, nakan zauna da wani abu tokare a ƙirjina wanda ban san sunansa ba, balle in san wa zan faɗa wa.

Bari in gaya muku irin fiyanon da nake magana a kai. Ƙarami ne na lantarki, mai maɓallai 61, wanda kawuna ya koyi kiɗa da shi kafin ya fara aiki a ɗaya daga cikin situdiyoyin nan na Kano da ake buga waƙoƙin finafinan Hausa. Irin waɗannan na'urori ne suka sa muke kiran waƙoƙin finafinai kiɗan fiyano. Fiyano na asali kuwa babban abu ne na katako, wanda wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro wajen shekarar 1700. Na zamani yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, a cikinsa kuma akwai tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200. Idan ka danna maɓalli, wata 'yar guduma ce take dukan tsirkiya. Ka danna da ƙarfi ya yi ƙara, ka danna a hankali ya yi taushi. Daga nan ma sunan ya samo asali, domin a harshen Italiyanci kalmar tana nufin a hankali. Nawa ba shi da wannan baiwar. Ko dukansa ka yi ko shafa shi, sauti ɗaya zai ba ka.

A dare na goma sha ɗaya, wajen ƙarfe biyu, na gaji da juyi a kan katifa. Na jawo shi na kakkaɓe ƙura, na sa masa batir tunda babu wuta, na toshe kunnuwana da iyafis don kada Baba ya ji. Ban yi niyyar tsara komai ba. Ina zaune cikin duhu, kalmar da na yini ina ji a asibiti tana yawo a kaina, sai na sa yatsa na danna wani baƙin maɓalli, na sake danna na samansa. Na tsaya. Abin da ya fito ya yi kama da "sannu".

Waɗanda suke mai da hankali a darasin Hausa za su gane dalili. Malamanmu sun koya mana karin sauti, wato karin sama da karin ƙasa da faɗau. Shi ne yake bambanta wuya na jiki da wuya ta wahala, alhali rubutunsu ɗaya. Ku furta "sannu" a hankali ku saurara, za ku ji gaɓar farko tana ƙasa, ta biyun ta hau sama. Haka "Auta" take, haka ma "Yaya". Wannan hawa da saukar murya shi ne abin da makaɗin kalangu yake bi, ya matsa tsarkiya ya sassauta, har mai sauraro ya ji kamar gangar tana magana. A aji na haddace karin sauti ne don jarrabawa kawai. A daren nan na gane cewa duk Bahaushe yana yawo da kiɗa a bakinsa.

Na yi ta maimaita sautukan nan biyu har aka kira assalatu. Washegari da dare na sake komawa. Na tsaya a kan baƙaƙen maɓallai kaɗai, waɗanda aka jera su biyu da uku, biyu da uku. Sautuka biyar ne suke ta maimaita kansu, kuma duk yadda ka jera su da wuya su yi wa kunne karo. A kunnena sun fi kusa da waƙoƙin gaɗa da na reno da muka taso muna ji. Na fara da "sannu" sau huɗu, yadda masu dubiya suke jera ta, kowace ta ɗan fi ta baya hawa. Sai na sa "Auta". Tunda ban iya rubutun kiɗa irin na Turawa ba, sai na ba kowane maɓalli lamba, ina rubutawa a bayan wani tsohon littafina na lissafi.

Tsakiyar kiɗan ce ta fi ba ni wahala. Na san ba zan iya tsallake injin ba, domin in na tsallake shi ƙarya na tsara. Na nemo maɓalli mafi kauri a can hagu, na riƙa bugunsa da sauri, bugu ɗaya bayan ɗaya babu hutu, yadda belin yake yi. Ranar farko ban kai ƙarshe ba na cire iyafis, jikina yana rawa. Rana ta biyu na kai. Bayan mako guda ina iya bugawa ina ƙirga shi, ina cewa nan ya yi tsawo, bari in rage. Sai na lura da wani abu. Ƙarar da take zuwar mini da dare ba tare da izinina ba, yanzu ni nake tayar da ita, ni kuma nake tsayar da ita a inda na ga dama. Tun daga makon nan na fara samun barci, ko da na awa uku ne.

Bayan injin na bar wuri babu komai, tsawon ƙirga huɗu. Da yake fiyanona ba ya iya yin taushi, shirun nan ne kaɗai hanyar da nake da ita ta rage murya. Daga nan "sannu" ta dawo, na rufe da sauti ɗaya da na buga sau biyu, domin kalmar "gida" gaɓoɓinta biyu duk a sama suke, babu hawa babu sauka. Abin da nake roƙo ke nan a lokacin, a sallame ta ta dawo gida. Duka kiɗan bai kai minti uku ba.

Da aka sallame ta sai wata sabuwar jinyar ta fara, wadda ba ta asibiti ba. Kun san matsayin hannun hagu a wurinmu. Ba a ci da shi, ba a miƙa abu da shi, ba a karɓa da shi. Ga yarinya 'yar shekara takwas da ta wayi gari shi kaɗai ne hannun da zai yi mata aiki. Ranar farko da aka ajiye mata tuwo ta zauna tana kallonsa, ta ƙi ci. Sai da Baba ya zauna kusa da ita ya ce, "Auta, ci da hagunki. Lalura ce, Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba." Rubutu kuma sai da ta koma kamar 'yar aji ɗaya, haruffa suna karkacewa, tana gogewa tana kuka. Wata rana ta je kanti, wani dattijo da bai san ta ba ya daka mata tsawa don ta miƙa kuɗi da hagu. Ta dawo ba ta sayo komai ba. Daga ranar ta riƙa ɓoye hannun dama a cikin hijabi, ko a cikin gida.

Ban manta da alkawarin da na yi mata ba, ita ma ba ta manta ba, amma babu wanda ya tayar da shi a cikinmu. Kiɗan da na tsara na hannu biyu ne. Ina tsoron in ajiye mata fiyano a gaba, ya zama wani abin da zai sake nuna mata abin da ta rasa. Cikin wannan tunani na shiga bincike a waya ko akwai kiɗan fiyano na hannu ɗaya, sai na ci karo da labarin Paul Wittgenstein. Makaɗin fiyano ne ɗan ƙasar Ostiriya, an haife shi a 1887. A 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka harbe shi a hannun dama, aka yanke hannun, sojojin Rasha kuma suka tafi da shi Saiberiya a matsayin fursunan yaƙi. Da ya dawo gida bai bar kiɗa ba. Ya riƙa biyan manyan masu tsara kiɗa na zamaninsa su rubuta masa na hannun hagu zalla. Mafi shahara a ciki shi ne wanda Bafaranshen nan Maurice Ravel ya tsara tsakanin 1929 da 1930, aka fara buga shi a bainar jama'a a 1932. Na saurare shi ido rufe, wallahi da ba a gaya mini ba da ban ce hannu ɗaya ne ba.

Wani abu kuma na koya wanda ya ba ni mamaki. A fiyano sautuka masu kauri suna hagu, sirara suna dama, kuma galibi karin waƙa a sirara yake tafiya. Ku ɗora hannunku na hagu a kan tebur ku duba. Babban yatsa, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne yake ɓangaren dama. Ke nan shi zai ɗauki karin, sauran yatsun su raka shi daga ƙasa. Wannan ya sa in za a yi kiɗa da hannu ɗaya, hagu ya fi dacewa da aikin. Hannun da ake yi wa ƙanwata tsawa a kansa, a nan shi ne gwani.

Na koma kan littafina na lissafi na sake tsara kiɗan daga farko. Na ɗaure hannuna na dama a baya da ɗankwalin Umma don kada ya yi mini katsalandan. Na zubar da duk wani sautin da ƙaramin hannu ba zai kai ba, na matso da sauran kusa da juna. Sashen injin na cire shi gaba ɗaya daga nata, domin wannan nawa ne, ba ni da hurumin ɗora mata shi. Mako biyu na yi ina wannan aiki.

Wata Juma'a bayan la'asar na fito da fiyanon tsakar gida na ajiye a kan tabarma. Na ce, "Auta, ina da bashinki." Ta dube ni, ta dubi fiyanon, ta ƙara cusa hannun dama cikin hijabi. Na ce mata wannan kiɗan da hagu ake yin sa, ko ni da hagu nake bugawa, na kuma buga mata ta gani. Ta matso a hankali. Na ɗora yatsanta na tsakiya a kan baƙin maɓalli ɗaya, babban yatsa a kan na sama. Ta danna na farko, ta danna na biyu. Ta sake. Sai ta ɗago ta ce, "Shi ke nan?" Na ce wannan farko ne. Kafin magariba ta haddace layin farko, har tana ture hannuna in na zo gyara mata.

Umma tana bakin murhu duk wannan lokaci, ta ba mu baya. Da dare bayan Auta ta yi barci ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Abin nan da kuke bugawa, kamar sannu yake cewa." Na ce shi yake cewa. Ban san yadda aka yi ba sai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Umma, ni kika aika. Ni na tura ta. Ki yafe mini." Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Ai a gabana ta ɗauki robar. Na gan ta, na san kai na kira, na ce a raina bari dai ta je tunda tana so. Wata biyu ke nan ban iya haɗa ido da kai ba, ina ganin kamar kana cewa uwar da ta bar 'yar shekara takwas ta je bakin inji." Daga baya na ji cewa Baba ma yana ɗauke da nasa, domin ya sha wucewa ta gaban injin nan yana ganin belin a buɗe, yana cewa zai yi wa mai shi magana, bai yi ba. Ashe mu uku muna cikin gida ɗaya, kowa ya yanke wa kansa hukunci, kowa yana zaton shirun ɗan'uwansa tuhuma ce.

Washegari na nemi gafarar Auta ita ma. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ta yafe, amma da sharaɗin fiyanon ya koma ɗakinsu. Ya koma.

Ba na so ku ɗauka kiɗa ya warkar da wani abu a jikinta. Yatsu uku sun tafi, ba za su dawo ba. Likitoci ne suka yi tiyata, ma'aikatan sashen gashi ne suka yi watanni suna motsa mata yatsu biyun da suka rage don kada su sandare, Umma ce ta yi jinya. Har yau akwai ranakun da Auta take dawowa daga makaranta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa saboda wani ya kira ta da sunan da bai kamata ba. Ni ma har yau in na bi ta gaban injin markaɗe sai cikina ya juya. Abin da kiɗan ya yi mini shi ne ya ba ni wurin ajiye abin da ya tokare ni, in dube shi, in rage nan in ƙara can, har ya zama abin da zan iya ɗauka in kai gaban Umma. Da na tsaya a kiɗan kaɗai ban yi magana ba, da har yanzu muna zaune cikin shirun nan.

Na san a cikinku akwai waɗanda a gidajensu ba a yarda da kiɗa ba, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Baba ma ba mai sha'awarsa ba ne. Sharaɗinsa tun farko shi ne kada ya shiga lokacin salla ko na karatu, kuma har gobe in an fara kiran salla shi ne mai cewa a kashe. Ban zo in ce kowa ya nemi fiyano ba. Wata rubutu ne nata, wani zane, wata ɗinki ko saƙa, wani kuma ya zauna ya yi ta tilawa har zuciyarsa ta sauka. In wani abu ya same ku ko ya sami wani naku, ku nemi aikin da hannunku zai yi da damuwar, sannan ku nemi babban da kuka yarda da shi ku faɗa masa. Wataƙila shi ma jira yake wani ya fara.

Akwai kuma abin da ya fi wannan sauƙi. In an aike ku, ku je da kanku, musamman in aiken ya shafi inji, wuta, tafasasshen mai ko tsallaka titi. In dole ƙanenku ne zai je wurin markaɗe, ku gaya masa ya tsaya nesa da bel, ya bar mai injin ya karɓi roba ya miƙo masa. 'Yan mata su tattare hijabi da mayafi kafin su matsa kusa, haka maza masu riga mai faɗin hannu. Bayan abin da ya faru mun je da Baba wurin mai injin unguwarmu, wanda shi ma ya daɗe yana cikin damuwa. Aka kira mai walda ya yi wa belin murfi da ƙarfe. Aikin bai ɗauki yini guda ba.

Yanzu shekara biyu ke nan. Auta tana aji biyar, rubutunta na hagu ya fi nawa na dama kyau. Da na dawo hutun da ya wuce na tarar ta canza mini kiɗan. A wurin nan da na bar shiru na ƙirga huɗu, ta fito da hannun dama daga hijabi, ta sa babban yatsa da ƙarami tana buga wasu sautuka biyu can sama, waɗanda ba ni na rubuta su ba. Na ce mata ai wurin shiru ne. Ta ce, "Naka ne mai shiru, Yaya. Wannan nawa ne." Na ɗauko littafin lissafin na ba ta biro, ta rubuta lambobinta a ƙarƙashin nawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana ƙannenmu a duk inda aka aike su.